Zanen Ƙofar Malaka a Ɗakin Kak Salmah

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har Hajiya Binta maƙwabciyata ta ce idan ban ba ta labarin tun daga farko ba, to in zo in karɓi gyalen da na kawo mata tsaraba. Kowa na ba shi guntu, kwana biyu sai in ji guntun ya dawo mini da ƙari, wai har kwana aka yi da ni a tsare a filin jirgi. Ba a kwana da ni ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Wankan jego ne ya kai ni. Autata Rukayya tana Kuala Lumpur tare da mijinta Nasiru, malamin jami'a ne da aka tura ƙaro karatu. Haihuwar fari ce, ba ta da kowa a can, ni kuma na yi ritaya daga koyarwa, ba abin da ya riƙe ni. Biza ta yi ta jan ƙafa har aka haihu aka yi suna ina Kano. Ranar da ta fito na riga na gama ɗaure kaya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, gero surfaffe, kilishi, ganyen darbejiya da na shanya da kaina, da jar kanwa curi guda don kunu.

Daga Kano muka sauka a Addis Ababa muka yi zaman jiran wani jirgin. A nan na haɗu da wata Hajiya 'yar Kantin Kwari da ke fataucin yadi zuwa Chana. Ita ta nuna mini wurin alwala, ta ce in riƙa miƙe ƙafa a jirgi don kada ta kumbura. Da ta ji abin da ke cikin jakata ta yi dariya ta ce, "Hajiya, kilishin nan ki cinye shi tun a sama, ba za su bar shi ya shiga ba." Ban ji maganarta ba, don na Rukayya ne.

Muna dab da sauka aka yi sanarwa cewa duk wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi a ƙasar hukuncinsa mai tsanani ne. Ban sa abin a raina ba sai da jakata ta wuce cikin na'ura aka ce in dawo gefe. Wata ma'aikaciya mai ɗan hijabi a kan kakinta ta buɗe. Kilishi ta fara ajiyewa gefe, ta ce ta ba ni haƙuri, nama ba ya shiga. Ta kwance ledar daddawa ta ja da baya, abokin aikinta ya sunsuna ya ce su ma suna da irinta ta jatan lande, kuma tasu ta fi ƙarfi. Da aka zo kan kanwa dariya ta tsaya. Suka juya ta, suka kankare, suka kira na gaba da su. Na ce abinci ce. Ba wanda ya gamsu. Sai na ɓalli kaɗan na sa a baki, na ce 'yata ce ta haihu, da wannan ake dama mata kunu, ga ganyen wanka nan kuma. Matar ta dubi ganyen, ta dube ni, fuskarta ta saki ta ce, "Pantang!" Ashe sunan jegonsu ke nan. Suka gwada kanwar da wani ruwa, ba su ga komai ba, ita da kanta ta taya ni ɗaure jakar, ta ce in gai da jariri.

Nasiru ya zo tarbata. A tsakiyar filin jirgi ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ni, mutane na ratsewa suna kallo. Gidansu yana Titiwangsa, can sama a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. A Kano suruki na gaishe ki ya fice, ba ku ƙara haɗuwa sai wata rana. A nan ko ruwa zan sha sai mun yi karo. Bawan Allah ya koma cin abinci a 'yar barandar shanya, in ya ji motsina ya shige ɗaki, ni ma in na ji nasa in shige nawa, falo ya zama ba mai shi. Rukayya ta gaji ta ce, "Umma, don Allah ku daina wannan ɓuyan, nan ba Kano ba ce lah." Na ce ko a ina ne suruki suruki ne, kuma wannan wutsiyar da take maƙala wa magana ta bar ta a ƙofa kafin ta shigo ɗakina.

Jaririn namiji ne, Abdallah, ni dai angona nake ce masa. Wanka muka fara washegari. Ba itace, ba tukunyar ƙasa, ba bayan ɗaki. Babbar tukunyar biki muka aro a wurin matar wani ɗan Zariya, a dafa a kan gas, a juye a bokiti, a shiga wani ɗan banɗaki da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Haka muka yi ta yi har ganyen da na kawo ya yi fumfuna. Garin ba ya bushewa. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗu an sheƙa ruwa, a ɗauke kamar ba a yi ba, zafi ya dawo da danshi.

Abin da ya fara damuna shi ne shiru. A shiga lif da mutum, ba sannu, ba ina kwana, kowa idonsa a waya. Amma a masallaci sai ki ga yarinya ta kama hannunki ta kai goshinta. Ba sa nuni da ɗan yatsa, da babban yatsa suke yi. Takalmi kuwa ko gidan wa za ki shiga a waje yake kwana. Shinkafa suke karyawa da ita, dafaffiya da madarar kwakwa, ga ƙananan kifi soyayyu da gyaɗa da wani yaji mai zaƙi. Ranar farko na ce wa Rukayya wa ya zuba suga a miya. Daga baya ni ke tashin Nasiru, ta bakin matarsa, ya je ya yi mana tapau, wato a ƙunso a kawo gida.

Wata rana na sauka zubar da shara, da zan dawo na danna lambar da ba ita ba. Ƙofofin duk iri ɗaya ne. Na sa mukulli ya ƙi juyawa, na yi ta murɗawa ina cewa Rukayya ta buɗe. Sai aka buɗe daga ciki. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da farin gilashi mai kauri, ta ɗaga kai tana kallon wajen kafaɗata. Na daburce na yi sallama. Ta amsa cikakkiya, ta ja hanci ta ce, "Ke ce mai dafa ganye a samanmu."

Kunya ta kama ni, na fara ba da haƙuri. Ta ce haƙurin me, warin ne ya tuna mata da uwarta. Ta kama hannuna ta ja ni ciki ta ce sai na sha shayi.

Sunanta Salmah. Duk benen Makcik suke ce mata, kamar a ce Goggo, amma ta ce ni in ce Kak, wato Yaya, tunda ba ta haife ni ba. Ita kuma Hajah take kirana. Da Turanci muke magana, nawa na tsohuwar malamar firamare, nata na tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki a ƙasar waje, ita kaɗai take zaune. Ciwon suga ya cinye mata idon hagu, na dama kuma yana ta rufe shi, ba ta ganin komai sai haske da duhu da inuwar mutum. Gidanta ta san shi da ƙafa da hannu.

Da na ba ta labarin ganyena ta ce wannan ba matsala ba ce. Washegari muka hau jirgin ƙasa mai tafiya a sama zuwa Brickfields, unguwar Indiyawa, tana riƙe da gwiwar hannuna, ni ina karanta mata allo ita tana gaya mini inda za mu sauka. A gefen masu saƙa furanni muka tarar da darbejiya ɗanya shar, dami-dami, wai su ma suna amfani da ita a ibadarsu. Na tsaya ina shafa ganyen kamar na ga ɗan'uwa. Tun daga ranar ta shiga jegon Rukayya da ƙarfinta. Ta kawo wani dogon ƙyalle ta naɗe mata ciki tun daga ƙugu har ƙirji, ta ɗumama dutse ta nannaɗe tana gasa mata mara. Muka yi ta musu: ita ta ce mai jego ba ta shan ruwa da yawa, ni na ce sai ta sha kunu ta ƙoshi, ita ta ce nasu kwana arba'in da huɗu ne, ni na ce huɗun nan ƙari ne. Rukayya tana kwance a tsakiyarmu tana cewa, "Wayyo, da uwa ɗaya nake fama, yanzu sun zama biyu."

A falon Kak Salmah, sama da kujerar da take zama, akwai wani zane a cikin gilashi. Na sha ganinsa ban kula ba, don ba launi, fensir ne kawai, takardar ta yi ja-ja don tsufa. Ranar da na tsaya a gabansa ta ji shiruna ta ce, "Kina kallon babana?"

Na matsa. Wata tsohuwar ƙofar ganuwa ce ta dutse, bakinta a lanƙwashe, ciyawa ta tsiro a kanta, bayanta tudu da kangon wani gini a sama. Mai zanen ya bi dutsen ɗaya bayan ɗaya, har inda ya tsage da inda ya zaizaye. Ta gaba fili ne, sai bakin teku, da kwale-kwale a kife. Can a kusurwar ƙasa wani mutum na zaune ya sunkuya a kan taru. Duk tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.

Ta ce garinsu ke nan, Malaka, a bakin teku. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar, wasu Turawan suka ƙwace, na Ingila suka rushe ta, ƙofar nan kaɗai ta tsira. Babanta masunci ne. Tana ƙarama wani Ba'amurke ya zo garin, dogo, rana ta ƙone shi ya yi jawur, sana'arsa zanen duwatsu da itatuwa da tsofaffin gine-gine. Babanta ke ɗaukarsa a kwale-kwale yana zagawa da shi gaɓa. Sunansa ya yi musu wuyar faɗa, yaran unguwa suka sa masa Tuan Pensel, Baturen fensir. Ya sa hannu a ƙasan takardar, amma ya goge, ba ya karantuwa.

"Cewa ya yi shi ba ya zana mutane," in ji ta. "Ranar ya zauna a kan katangar bakin ruwa, ya ce wa babana ya ɗan matsa, wai ya tare masa ƙofar. Babana ya ce shi ya riga shi zuwa, kuma tarunsa ba zai ɗinke kansa ba. Suka yi ta yi. Da Baturen ya gaji sai ya zana da shi a ciki."

Daga baya zazzaɓi ya kwantar da mutumin a gidansu, uwarta ta yi jinyarsa da kunun shinkafa. Da zai tafi ya bar musu zanen. Ba a daɗe ba babanta ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ba su da wani hotonsa sai wannan.

"Kin ga gashin bakinsa?" ta tambaye ni. "Kin ga yadda yake danne dariya? Don ya ci galaba ne."

Na sake dubawa, na cire gilashina na goge na mayar. Ba gashin baki, ba dariya. Fuska ma babu. Malfa ce, da ɗan layi biyu a ƙarƙashinta, shi ke nan. Na ce, "Na gan shi zaune, Kak, yana ɗinkinsa." Ta gyaɗa kai ta ce shekarunta da yawa rabon da ta gan shi sosai.

A ranar ta gaya mini an sa mata ranar aikin ido. Ta daɗe tana ɗagawa, don likita bai ɓoye mata ba: da ciwon suga irin nata, ana iya dacewa, ana kuma iya rasa ɗan hasken da ya rage. Tana so ta je Malaka kafin a taɓa idon, ta tsaya inda babanta ya zauna. Rabonta da wurin tun mutuwar uwarta. Ɗanta ya ce ta bari sai bayan aiki ya kai ta. "Bayan aiki ƙila ba abin da zan kai wurin sai ƙafa," in ji ta. "Hajah, boleh?" Wato zai yiwu?

Lokacin mun gama arba'in. Da na faɗa a gida Rukayya ta ce, "Umma, ke ba ki san hanya ba, ita ba ta gani, haba!" Nasiru, kansa a ƙasa, ya ce mu jira ƙarshen mako ya kai mu. Amma aikin kafin ƙarshen makon ne, shi kuma yana da zama da malaminsa. Na ce ni ina da ido, ita tana da baki, mun isa. Shi ya saya mana tikiti ta waya, ya kai mu tasha, ya tsaya har bas ta tashi.

Sai a cikin bas na gane abin da ke cikin jakar da ta rungume. Ta ciro zanen daga bango ta naɗe a tawul. Na ce da mun ɗauki hotonsa a waya. Ta ce a'a, shi ma ya daɗe bai je gida ba. Tafiyar kamar daga Kano zuwa Zariya ce da ɗan ƙari, titi sumul, hagu da dama gonakin kwakwar manja ba iyaka. Sanyin da suke sakewa a motar ya sa na naɗe ƙafafuna da gyale. Ita tana ta ba ni wani ƙullin shinkafa a ganyen ayaba tana cewa, "Makan, makan," in ci, in ci.

A Malaka muka shiga wani keke mai kujerar fasinja a gefe, an lulluɓe shi da furannin roba da 'yar tsana, kiɗa na tashi kamar gidan biki. Na ce mu da girmanmu? Kak Salmah ta yi wa mai keken magana ya kashe kiɗan. Dattijo ne, ƙafafunsa kamar sanda, amma ya ja mu bai yi haki ba.

Gaskiya da na ga ƙofar sai da na ce a raina, wannan ce? Ƙofar Nassarawa ta ninka ta. 'Yar guntuwa ce, ga igwa biyu a gabanta yara na hawa, baƙi na ta ɗaukar hoto. Amma ita ce ta cikin zanen, tsagar nan tana nan, tudun yana nan, kangon yana nan. Na kai Kak Salmah jikin bangon ta ɗora tafin hannu. Inda farar ƙasar ta ɓare dutsen ja ne mai ramuka, irin marmarar da ake haƙowa a wajenmu. Na gaya mata haka. Ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "To, kai ni bakin ruwa. Mu ba ƙofar baya mu miƙe."

Na juya. Ba ruwa. Wani katafaren kanti ne a gabanmu, bayansa titi, bayan titin wasu dogayen gine-gine.

"Kak, babu teku a nan."

"Ina jin labari sun cike wani wuri," ta ce. "Amma ai ba za su cike duka ba. Duba sosai."

Na duba sosai. Mai keken, da yake tsaye yana jiranmu, ya matso suka yi magana da yarensu. Ta kwance tawul ta nuna masa. Ya cire hula, ya daɗe yana kallo, ya kira wani tsoho ɗan'uwansa shi ma ya gani. Ta fassara mini: mai keken ya ce teku ta yi nisa yanzu, sai an hau mota. Ya ce ya san katangar, daga kanta yake tsalle cikin ruwa yana yaro, kuma zai iya nuna mana daidai inda take.

Muna cikin haka iska ta kaɗa, na ɗaga kai na ga hadari ya haɗe. Kafin ta gama naɗe tawul an fara yayyafi mai manyan ɗigo. Firam ɗin tsoho ne, bayansa kwali. Na fizge zanen na cusa a ƙarƙashin hijabina na rungume, ɗaya hannun na kama ta, dattijon na gaba yana ɗaga mana hannu. Tsofaffi uku muna gudun da bai fi saurin tafiya ba. Muka ratsa kantin farko, muka tsallaka titi ruwa na dukanmu, muka faɗa na biyu. Ni na jiƙe har fatar baya. Ta ce, "Ya jiƙe?" Na ciro na duba gaba da baya. Ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Dattijon ya tsaya yana waige-waige, ya auna da idonsa ta wajen da muka fito, ya taka gaba kaɗan ya nuna ƙasa da babban yatsa. Gaban wani shagon takalma ne. Akwai benci a wurin. Muka zauna.

"Me ke gabana?" ta ce.

"Takalman wasanni, Kak. Da wani yaro yana gwadawa."

Ta yi 'yar dariya. Ta zare silifas ɗinta ta ɗora tafin ƙafa a kan tayil, ta ɗora zanen a cinya. Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu ta fara Fatiha, na ɗaga nawa, mai keken ma ya tsuguna ya ɗaga nasa. Mutane na wucewa da ledojin sayayya, wasu su rage sauri, ba wanda ya ce mana komai. Ta yi wa babanta addu'a da uwarta. Ta ce shi ma Baturen, ba ta san addininsa ba, ba ta san inda ya ƙare ba, amma Allah Ya san sunansa. Da ta shafa ta ce, "To, na zo. Yanzu su yanka." Sannan ta ce yunwa take ji, a kai ta inda ake miyar kifi mai tsami.

Ɗanta ya iso ana gobe aiki, mutum mai ladabi, ya kama hannuna ya kai goshi yana godiya, ko da yake na ga alamar bai ji daɗin tafiyar tamu ba. Ranar aikin na zauna a gida na kasa komai, na ɗora kunu na bar shi ya kama. Abu biyu nake tsoro. Kada ta fito ba ido. In kuma ta fito da ido, ta duba ta tarar babu fuskar da take ba ni labari.

Kwanakin da take jinya na cika su da sayen tsaraba a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, inda na yi ciniki irin na Kwari har wani mai shago ya tambaye ni ko a ƙasarmu haka ake wahalar da mutane. Kullum in na dawo in leƙa ta. An rufe idon da wani ɗan kwano, daga baya aka ba ta baƙin gilashi, ta ce komai hazo-hazo ne, likita ya ce a yi haƙuri.

Ana saura kwana kaɗan in taso, da hantsi, ɗanta ya hau ya ƙwanƙwasa ya ce mahaifiyarsa na kirana. Na sauka. Na tarar an buɗe labule, tana zaune kusa da taga, ba baƙin gilashi, zanen a hannunta ta kawo shi kusa da fuska. Ba ta ɗago ba. Na zauna a gefenta.

"Hajah," ta ce, "ba shi da fuska."

"Babu, Kak."

"Kin sani tun ranar."

"Na sani."

Ta ci gaba da kallo. Can sai na ga kafaɗunta na motsi, na miƙa hannu in rarrashe ta, ashe dariya take yi, hawaye na zuba ta idon da aka yi wa aiki, ɗanta na cewa kada ta murza.

"Lallai mutumin nan ba ya zana mutane," ta ce. "Gashin bakin ni na sa masa. Amma zo ki ga." Ta ɗora farce a kan gilashin. "Kin ga kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka? Jan taru ne ya mayar da shi haka. Kin ga yadda ya maƙale igiya da babban yatsan ƙafa? Duk gaɓar nan shi kaɗai ke zama haka. Wannan na manta da shi, sai yau. Shi ne, Hajah. Babana ne."

Ta ajiye zanen a cinya, ta juyo, karo na farko ta dube ni ido cikin ido ba wajen kafaɗata ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ashe na fi yadda take zato tsawo. Sai ta matso, ta kai yatsa gefen bakina, ta bi tsagar da ke nan, uku ta dama, uku ta hagu.

"Wannan fa? Ciwo kika ji?"

Na ce a'a, zanen gidanmu ne. Wanzami ke yi wa jariri da aska ranar suna, don duk inda ya shiga a san ɗan wane gida ne. Yanzu an daina, ko Rukayya ba ta da shi.

"Babanki yana da shi?"

"Irinsa sak. A wurinsa na gada."

"Kina da hotonsa?"

Na ce babu. Malam ya rasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba, ba ya so.

Ta sake bin layukan da yatsa a hankali, kamar yadda ta shafa dutsen Malaka.

"Kina da shi mana," ta ce. "Naki ma ya fi nawa, ba ya tsoron ruwan sama."

Ni da na sauko don in rarrashe ta, ita ta ƙare da miƙo mini tawul.